Ranar da Yaya Toka Ta Karkata Kai

Shekara ashirin da uku Yaya Toka ta yi tana kallon launin ruwan toka, kuma shi ne aikinta. Daga nan sunan ya samo asali. A kamfanin da take aiki ana ƙera katin hoto, wato ɗan fallen nan mai faɗin tafin hannu da ake sokawa cikin kwamfuta, wanda shi ke zana duk abin da ido yake gani a allo. Injiniyoyi suna hawan sama suna tsara shi, masu haɗawa suna ƙasa suna ɗora masa ƙananan kayansa, ita kuwa tana can ƙarshen baranda, a ɗakin da ba shi da taga, inda kati ke zuwa daga ƙarshe kafin a ce ya yi ko bai yi ba. Tebur ɗaya, allo uku, kujera mai matashin da ta ɗinka da hannunta, da wani ɗan hatimi kore a aljihun rigar aikinta. Katin da bai sha wannan hatimi ba, ba ya fita ƙofa.

Baƙo in ya leƙo sai ya zaci matar nan zaman banza take yi. Ba hoton furanni a allon, ba na tsuntsaye. Sandunan toka ne jere, daga baƙi wuluk zuwa fari fat, da wani siririn farin layi tsaye a tsakiyar kowace sanda. Ita kuma ta harɗe hannu ta zuba musu ido. Masu haɗawa suna tsokanarta cewa ita kaɗai ce a duniya ta mai da kallon bango sana'a.

Takan ce musu, "To ku zo ku karɓa mana. Minti goma kacal. In hawaye bai zubo muku ba, na bar muku kujerar har da matashin."

Ba wanda ya taɓa kai minti biyar.

Ba a makaranta ta koyi wannan kallo ba. Mahaifinta mai gyaran talabijin ne, irin na da can masu ƙatuwar ƙeya, a wani shago mai warin dalma da bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. Aikin yana da wata matsala: sukurorin da ake murɗawa suna baya, hoton kuwa yana gaba. Sauran masu gyara madubi suke jinginawa su riƙa leƙe. Nasa ya fashe wata rana, ƙiwa ta hana shi nemo wani, sai ya kama 'yarsa mai shekara takwas ya zaunar da ita a kan gwangwani a gaban gilashin, shi ya shige baya, ba a ganin komai nasa sai gwiwar hannu.

"Gaya mini abin da kika gani," in ji shi. "Ba abin da kike so ki gani ba."

"Baba, mutumin ya yi kore."

Ya murɗa. "Yanzu fa?"

"Yanzu kamar mai zazzaɓi."

"Yanzu fa?"

"Ya warke!"

Duk ranar da hoto ya daidaita, sai ta ga hannu ya fito daga bayan talabijin, shi kaɗai, ba fuska, riƙe da alewa ɗaya. Ba ya cewa ta yi ƙoƙari. Bai iya irin wannan magana ba, Allah ya ji ƙansa. Hannun ne ke yi masa.

Wata rana ta ce tana ganin inuwa a gefen rubutu. Ya yi ta murɗawa har rabin awa, gumi ya jiƙa masa riga, inuwa ta ce ba inda za ta. Da ya zagayo sai ya ga hayaƙin dalma ne ya cika wa yarinyar ido da ruwa. Ta sha jinin jikinta, ta zaci duka ne. Sai ya dafa kanta da tafinsa ya kwantar da shi zuwa kafaɗarta.

"Daga yau, in kin ga aibi, kafin ki buɗe baki ki karkata kanki haka. In aibin ya bi kanki ya karkata, a idonki yake. In ya tsaya inda yake, a gilashi yake, ki kira ni."

Da wannan ɗan ilimi ta shiga duniya. Bayan rasuwarsa ta samu aiki a layin masu haɗawa, tana ɗaure sukuro. Wata rana tana wucewa ta gaban wani allo da injiniyoyi uku suka yarda da shi, ta karkata kai, ta ce musu akwai ja a cikin farin. Suka yi dariya, suka auna, dariyar ta tsaya. Sati bai zagayo ba aka ba ta ɗakin nan marar taga.

Tana da wata ɗabi'a da ta daɗe tana ba injiniyoyi haushi. Su a ɗaki mai sanyin tsiya suke gwaji, inda sai mutum ya sa rigar sanyi da tsakar rana. Na'urarsu takan duba kati minti ashirin ta kunna koriyar fitila. Yaya Toka ta ce mai sayen katin ba a cikin firij yake zaune ba. Ta samo wata tsohuwar kwabar ƙarfe, ta huda mata hanyar waya, tana zuba kwamfutoci uku a ciki ta rufe ƙofa tun safe, su yi ta zana toka a cikin zafin kansu har la'asar. Sai sannan take duba su da gaske. Aka sa wa kwabar suna murhun Yaya Toka, ita kuma ba ta ji haushi ba, don sunan ya dace.

A shekarar da nake ba ku labari, wani abu ya fara damunta. Zare ya daina shiga allura. Ƙwan lantarkin kicin ya zama yana da ƙane a gefensa. Autarta, wadda ita kaɗai ta rage a gidan, ta gaji da ganin tana murza ido, ta ja ta zuwa asibiti. Likita ya haska, ya ce yanar ido ce ta fara rufe idon dama, ta kuma taɓa na hagu. Za a yi aiki, ba abin tsoro ba ne, amma layi da tsawo, sai nan da wata huɗu.

"Kafin nan, Hajiya, za ki riƙa ganin abu da 'yar inuwarsa a gefe," in ji shi. "Kada ki damu, idon ne."

Kada ta damu! A hanyar gida ta kama hannun Auta ta ce kada wanda ya ji, ko da wasa. Ta san abin da ta yi ba daidai ba ne. Amma mutum ya yi shekara ashirin da uku ana kiransa saboda idonsa, ranar da aka ce idon ya gaji, ba ya gudu ya kai rahoton kansa. Ta ce a ranta za ta lallaɓa har wata huɗun su wuce.

Ana cikin haka sabon kati ya sauko daga sama. Na Injiniya Dogo ne, wani mutum mai sanyin magana da ya shekara biyu a kansa har furfura ta fito masa a gemu. Wannan ba na masu wasan kwamfuta ba ne. Na allon asibiti ne, wanda likita zai kalli hoton ƙirji ko na ƙashi a kai, inda duk maganar tana cikin toka mai duhu. Na'urar ɗakin sanyi ta duba guda ɗari biyu, ta ba kowanne koriyar fitila. Ranar Juma'a mota za ta zo ta kwashe. Hatimin Yaya Toka kaɗai ya rage.

Ranar Litinin da la'asar ta jona allo da kwamfutar farko ta cikin murhu. Ta bi sandunan ɗaya bayan ɗaya. A ta uku daga baƙi, dama da siririn farin layin, ta ga wata 'yar inuwa, sirit, kamar sawun gashi a kan ƙura.

Ga abin da likita ya faɗa, kalma da kalma.

Ta goge allon. Ta canja allo. Ta canja waya. Ta cire tabarau ta huhhura ta mayar. Inuwa tana nan. Da safe ba ta ganinta, sai la'asar. To, la'asar ce lokacin da kati ke yin zafi, kuma la'asar ce lokacin da idonta ke gajiya. Ta yi duk abin da mai gwaji zai yi, ban da abu ɗaya da ta sani tun tana shekara takwas, wanda ba ya cin ko daƙiƙa biyu. Ta kasa. In ta karkata kai inuwar ta bi ta, shi ke nan, kujera da matashi da suna duk sun tafi. Sai ta zauna ƙiƙam, wuya a miƙe, kamar mai ɗauke da tulu.

Talata ta wuce haka. Ranar Laraba Manaja ya leƙo, mutum ne mai yawan duba agogo.

"Yaya, lafiya? Ko hatimin ya tafi hutu ne ba a gaya mini ba?"

"Suna kan wuta," in ji ta. "Ba su nuna ba."

Ya yi dariya ya tafi, amma dariyar ba ta kai ciki ba.

Da yamma a gida, Auta tana yanke mata farce a bakin ƙofar ɗaki, ta ɗago ta dube ta.

"Mama, wuyanki ke ciwo? Kwana uku ke nan in na kira ki sai ki juyo gaba ɗaya kamar ƙofa."

Yaya Toka ta so ta yi faɗa, sai ta ji maganar ta zubo da kanta. Ta gaya mata komai, har da hannun Baba a kanta. Auta ta ajiye abin yankan farcen.

"To in kika buga hatimin kuma ashe a katin take?"

"Likita zai ga inuwa a ƙirjin wani ya ce ciwo ne. Ko ya ga ciwo ya ce ai inuwar allo ce."

"Ƙirjin wa?"

"Ina zan sani?"

"Nima ina da ƙirji, Mama."

Auta ta kama ɗaya hannun ta ci gaba da yanka. Yarinyar nan da uwarta take kama wajen rashin tausasa magana, kuma ranar Yaya Toka ta gode wa Allah da hakan.

Ranar Alhamis da la'asar ta aika a kira Injiniya Dogo. Ya sauko da kofin shayinsa, ya sunkuya ya shigo, ta ce ya rufe ƙofa.

"Ƙanena, magana biyu zan gaya maka, ka ji su duka kafin ka amsa. Ta farko, ina da yana a ido. Wata guda ke nan da na sani, na ɓoye muku. Ta biyu, ina ganin inuwa a katinka tun Litinin, ban san ko tawa ce ko taka ba."

Ya ajiye kofin. Ya matso da fuska kusa da allon, ya daɗe yana kallo.

"Yaya, wallahi ban ga komai ba." Sannan ya sassauta murya, irin yadda ake yi wa marar lafiya. "Na'ura ta duba su duka. Kuma tunda likita ya ce..."

"Na san abin da likita ya ce. Tsaya nan ka zama shaida. Ba na so in yi ni kaɗai, kada in yi wa kaina ƙarya."

Ta dafa tebur da hannu biyu. Ta yi bisimilla. Ta kwantar da kanta a hankali zuwa kafaɗar hagu, tana jin wuyan yana ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

Inuwar ba ta motsa ba. Tana nan dama da layin, tsaye ƙyam.

Ta mayar da kai zuwa dama. Tana nan inda take. Sai ta ɗaga ido ta dubi 'yar jar fitilar da ke jikin allon: wannan kam tana da ƙanwa a gefe, kuma ƙanwar tana bin kanta duk inda ta karkata. Ga tata, ga ta kati, kowace daban.

"Taka ce," in ji ta. "Ka yi haƙuri, ƙanena. Taka ce."

Mutumin da ya shekara biyu a kan abu ba ya yarda da magana ɗaya, kuma bai kamata ya yarda ba. Ya ce ta ba shi hujjar da zai kai sama. Ta ce ya kawo kwamfuta ɗaya mai sanyi daga ɗakinsu, ya ajiye bayan kwaba, ya riƙa canja wayar allon tsakanin mai sanyi da masu zafi ba tare da ta gani ba. Ya kawo. Ya naɗe dogayen ƙafafunsa ya shige bayan murhun, ba a ganin komai nasa sai gwiwar hannu.

"Yanzu fa?" in ji shi.

Shekara arba'in da wani abu rabon da ta ji wannan tambaya daga bayan ƙarfe.

"Babu."

"Yanzu fa?"

"Akwai."

"Yanzu fa?"

"Akwai. Ba ka canja komai ba, taɓa wayar kawai ka yi. Ni za ka yi wa wayo?"

Sau goma sha biyu ya tambaya, sau goma sha biyu ta faɗa daidai. Ya fito yana gumi, ya zare katin mai zafi da gefen rigarsa ya haura sama, ya bar shayinsa a kan teburinta.

Washegari ya dawo da takardar zane. Ya nuna mata wasu layukan tagulla biyu, sirara kamar gashi, da ke ɗauko hoto daga ma'ajiyar katin. Ɗaya ya fi ɗaya tsawo da abin da bai kai ƙwayar gero ba. A cikin sanyi ba komai. In kati ya yi zafi, saƙon dogon layin yakan makara, ɗan ragowar hasken ɗigo ɗaya na hoton ya faɗa kan na kusa da shi. Bambancin hasken mataki uku ne cikin dubu da wani abu. Na'urar kuwa an gaya mata ta yafe duk abin da bai kai huɗu ba, kuma ita ba ta taɓa ganin kati mai zafi ba.

"Ni na ja layin nan da hannuna," in ji shi. "Na kauce wa wani sukuro ne. Yaya, da sun fita..." Bai ƙarasa ba. Ya ce, "Na gode. Allah ya saka miki."

Motar Juma'a ta koma ba kaya. Manaja ya yi ta zagaye baranda yana waya, fuska kamar an aiko masa da sammaci. Da ya lafa, Yaya Toka ta same shi a ofis, ta ciro hatimin ta ajiye a gabansa. Ta ce ta ɓoye ciwonta wata guda, ta kuma zauna kan magana kwana uku saboda tsoro, kuma mai riƙe da wannan abu bai kamata ya yi haka ba.

Ya juya hatimin a hannu. "Gaskiya ne, bai kamata ba," in ji shi. "Zai zauna a aljihun teburina har a yi miki aiki, sannan mu gani. Amma ba ki tafi ko'ina ba. Dogo yana so ya sa kyamara a gaban murhunki, kuma ba wanda zai koya mata inda za ta duba sai ke."

Haka ta yi wata uku tana koya wa kyamara sana'arta: wace sanda, wane gefe, bayan awa nawa. Ta zaci za ta yi kishi da abin. Sai ta ga ashe daɗi take ji, don ko ba ta nan yanzu akwai mai gadi. Masu haɗawa, waɗanda suka fi kowa tsokana, su ne suka riƙa karanta mata ƙananan lambobin jikin kati ba tare da ta roƙa ba, suna cewa ai su ma gwada idonsu suke yi.

Aka yi aikin ido lafiya. Ko a asibitin halinta bai bar ta ba: likita yana nuna mata hoton idonta a allo, ita tana leƙen kusurwa mai duhu tana tambayarsa tun ƙarfe nawa injin yake kunne. Auta ta dafe kai don kunya. Ranar da aka cire bandeji ta gano bangon ɗakinta fari ne, ba ruwan madara ba, ta kuma gano labulen da take yabo ya koɗe tuntuni ba wanda ya gaya mata.

Bayan sati shida ta koma aiki da safe. Ta tarar murhun yana kunne, da ɗumi, alamar tun daren jiya wani ya kunna shi. Matashinta yana kan kujera. Allon tsakiya yana nuna sandunan toka, tas, kowace da iyakarta, yadda ta manta suna iya zama. Daga bayan kwaba kuma ga gwiwar hannu ta leƙo.

"Yaya, barka da dawowa," in ji muryar Injiniya Dogo. "Sababbi biyu ne a ciki, da tsoho ɗaya da na ajiye. Ba ni na ce ba, Manaja ne. Kin shirya?"

Ta zauna. Ta gyara matashin. "Murɗa."

"Yanzu fa?"

"Babu."

"Yanzu fa?"

"Babu. Wannan ya yi kyau, ƙanena. Ka gyara layinka."

"Yanzu fa?"

Ta ga abin tun kafin ya rufe baki. Duk da haka ta karkata kai zuwa hagu, ta karkata zuwa dama, a sake, ba tsoro, yadda aka koya mata.

"Ga ɗan banzan nan. Sanda ta uku, dama da layi. Cire shi kafin ya ɓata mini rai."

Ta ji ɗan motsi a bayan ƙarfen. Sai hannu ya fito, shi kaɗai, ba fuska, riƙe da koren hatimi.

Injiniya Dogo bai taɓa jin labarin alewar ba. Shi ya sa ya rasa dalilin da ya sa aka daɗe ba a karɓa ba, har hannunsa ya fara gajiya.

"Yaya? Idon ne?"

"Idon lafiyarsa ƙalau," in ji ta, tana share shi da gefen mayafi. "Riƙe haka tukuna. Bari in ƙara kallo."